Amsar Muryar Yaya Kan Iyafis Ɗin Da Ya Ƙi Kama Waya

Assalamu alaikum, jama'ar gida barkanmu da dare. Yaya, na saurari muryarki, ki yi haƙuri ban amsa da wuri ba. Ga waɗanda ba su ji ba, Yaya ta sauya waya, iyafis ɗinta mara igiya ya ƙi kama sabuwar, ko sunansa ba ya fitowa, alhali da tsohuwar lafiya lau yake aiki. Har tana cewa za ta jefar. Don Allah kar ki jefar tukuna.

Tambayata ta farko, ina tsohuwar wayar? Na ji kin ce kin ba wa Auta. To ni a nan nake zargin matsalar take. Shi wannan abin yana da riƙo, duk wayar da ya saba da ita yana ajiye ta a kansa. Kina buɗe murfin gidansa, wato ɗan akwatin da ake cajinsa a ciki, kafin ki ƙifta ido ya nemo ta ya manne. Kuma da yawansu, musamman ƙananan nan, in sun kama waya ɗaya shi ke nan, sun daina shelar kansu, wata wayar ba za ta gan su ba ko za ki kwana kina nema. Bluetooth kuwa yana kai kusan mita 10, yana ratsa bangon ɗaki ma. Wato Auta tana ɗakinta tana kallon bidiyo, sauti ya ɗauke mata, ke kuma kina falo kina faɗa da sabuwar waya. Ni kaina ya taɓa yi min. Na ɓata kusan awa guda ina kashewa ina kunnawa, har na fara zagin abin, ashe kwamfutata ce da ke cikin jaka ban kashe ta ba, ita ta riƙe shi. Da na sa a kunne na yi shiru, sai na ji ƙarar shigowar saƙo daga can.

Saboda haka ki kira Auta, ta shiga saitin Bluetooth na tsohuwar wayar, ta taɓa sunan iyafis ɗin, ta zaɓi a manta da shi. In wayar da Turanci take, za ta ga an rubuta Forget ko Unpair. Kashe Bluetooth kaɗai zai yi na yau, amma gobe tana kunnawa zai sake ƙwace miki shi, gara a raba su gaba ɗaya.

Daga nan sai a sa shi ya fara neman sabuwar waya, don kunna shi daban, sa shi nema daban. Nan mutane ke ruɗewa. Ki dubi fitilarsa. In tana walƙiya da sauri, wasu ja da shuɗi suna karɓa-karɓa, wasu fari kawai, to yana nema. In ta tsaya cak ko tana ƙiftawa jefi-jefi, ba ya neman kowa. In gidansa yana da ɗan maɓalli, ki bar su a ciki, murfi a buɗe, ki danne maɓallin na 'yan daƙiƙoƙi har fitilar ta fara walƙiya. In babu maɓalli, yawanci bayan kunnen ake dannewa, duka biyun lokaci guda. Kuma ki ajiye wayar dab da shi, shafin Bluetooth a buɗe, don ba ya daɗewa yana nema, in ya gaji sai ya kashe kansa.

Af, na manta, da ma da caji ya kamata in fara. Ba cajin kunnuwan kaɗai ba, har na gidan. Gidan ne ke gaya musu ku tashi ko ku kwanta, in ya mutu sai su rikice. Ki jona shi kamar minti 30 kafin komai. Sannan ki ciro kunne ɗaya ki duba ƙasansa a haske, za ki ga wasu 'yan ɗigo biyu ko uku masu ruwan zinare, a cikin ramin gidan kuma akwai 'yan tsinke da suke taɓa su. Gumi da dattin kunne suna taruwa a wurin, wani lokaci har ya yi kore-kore. Abin yana zaune a gida kamar yana caji, alhali wuta ba ta shiga. Ki sami auduga busasshiya ki goge a hankali, in ya bushe ya kafe ki ɗan kankare da tsinken sakace. Ban da allura, ban da ruwa. Ki mayar ki ɗan danna, in fitila ta kawo to ya zauna daidai. Masu sabo fil kuma, ku duba, sau da yawa akwai 'yar leda siririya da aka liƙe a kan ɗigon nan tun daga kamfani, sai an ɓare ta.

In duk an yi wannan sunan ya fito amma kina taɓawa ya yi ta juyawa ya ce ya kasa, ki sa sabuwar wayar ita ma ta manta da shi, ki kashe wayar gaba ɗaya ki kunna, ki sake daga farko. Ranar da suka fara haɗuwa akwai wani mabuɗin sirri da suke ajiyewa su biyu, in na ɗaya ya goge na ɗayan yana nan, ba za su yarda da juna ba sai an share an sake sabo.

Baban Khalifa, na ga kai ma ka rubuto cewa naka kunne ɗaya ke magana. Naka daban ne. Su biyun sai sun fara kama junansu kafin su kama waya, naka sun rabu ne, shi ya sa wani lokaci za ka ga suna biyu iri ɗaya a jerin. Ka share sunayen biyu daga jerin, ka kashe Bluetooth na wayar, ka mayar da su gida, ka ciro su tare, ka ba su 'yan daƙiƙoƙi su gaisa, sannan ka kunna. In ya ƙi, sai a mayar da shi yadda ya fito daga kamfani. Kowane iri da nasa salon. AirPods na kamfanin Apple masu maɓalli a bayan gida, misali, ana danne shi kamar daƙiƙa 15 har fitilar ta yi ruwan lemo sannan ta koma fari. Sauran ka duba 'yar takardar cikin kwali, ko ka rubuta sunan samfurin a YouTube.

Akwai kuma share saitin sadarwar wayar baki ɗaya, amma ni ba na son a yi saurin zuwa nan, don yana tafiya da duk lambobin sirrin Wi-Fi da aka ajiye. Kafin nan, Yaya, ki gwada iyafis ɗin a wayar wani, ki kuma gwada wayarki da wata sifika mai Bluetooth. Wanda ya ƙi a cikinsu shi ne mai laifin. In kuwa an yi caji, an goge, fitila ko ƙyas ba ta kawo ba, to batirin ne ya tafi, kuma irin waɗannan ba a cika gyara su ba, an liƙe su da gam.

Ki fara da wayar Auta dai. In kin buɗe murfin ki ɗauko min bidiyon fitilar ki turo nan, ina nan ban kwanta ba.