Me ya sa lissafin tankin 'yata ya fito ninki huɗu?

Tambaya: Malam, 'yata tana aji na ƙarshe kafin jarrabawar BEPC a nan Marwa. An ba su lissafin tanki mai siffar ganga, mai faɗin baki mita 1,2, tsayi mita 2, famfo na zuba lita 15 a minti. Ta samu lita 9043, da awa 10 kafin ya cika. An ba ta sifiri, mai koya mata a gida kuma ya ce dokar daidai take. Jarrabawa ta ƙarato, hankalina ya tashi.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, dokar, wato rabin faɗin baki sau kansa, sau 3,14, sau tsayi, ba ta da laifi. Faɗin baki gaba ɗaya yarinyar ta sa a gurbin rabinsa. Rabin 1,2 shi ne 0,6. To 0,6 sau 0,6 ya ba da 0,36. Sau 3,14, sau tsayi 2, ya zama mita kubik 2,26. Kowane mita kubik lita 1000 ne, kimanin lita 2261 ke nan. A raba da 15: minti 151, wato awa 2 da minti 31. Idan na'ura ta nuna mata awa 2,51, kada ta rubuta minti 51, awa ba ta da minti ɗari.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu cewa wannan ƙaramin kuskure ne, a raba amsar biyu a wuce. Ba ya gyaruwa haka. Rabin faɗin ana ninka shi da kansa, don haka biyun da aka manta ya zama biyu sau biyu. Ki duba da kanki: 2261 sau huɗu, ga 9043 ɗinta nan kusan cif. Kullum haka yake fitowa, ko tanki ne, ko rijiya, ko bututu. Kuma ba a takarda yake tsayawa ba. Wanda ya auna ruwan rijiya da wannan kuskure lokacin kwalara zai zuba kulorin, maganin tsabtace ruwa, ninki huɗu, mutane su ƙi shan ruwan saboda wari, su koma shan ruwan rafi. Masu koyarwar gida da ke karɓar kuɗin wata suna sa yara haddar doka, ba su taɓa miƙa wa yaro igiyar awo ba, su ne tushen wannan. Ta yaya malami zai ga lita 9043 bai tsaya ba? Ganga 45 ke nan ta lita 200, a tankin da bai fi tsayin ƙofa ba!

Ki ba ta ganga da tef ɗin tela. Ta auna baki daga ciki, ta raba biyu tun kafin ta rubuta komai, ta mai da santimita mita. Sannan ta tara jarka mai lita 20 a famfo tana duba agogo: in ta cika a sakan 80, lita 15 ke nan a minti.