Cocin Kilpeck da yadda mutanen ƙauye ke riƙe tsohon gini

Yaya, ka tambayi yadda aka yi ƙauyukan Ingila ke da majami'un da suka haura shekara 800 kuma ana ibada a cikinsu har yau, alhali ginin siminti na shekara arba'in a gida ya fara tsagewa. Ka kuma tambaya ko gwamnati ce ke riƙe da su. Ba gwamnati ba ce, jama'ar kowace ikilisiya ne ke ɗauke da nauyin ginin ƙauyensu. Bari in ɗauki coci ɗaya in warware maka.

Kilpeck ƙaramin ƙauye ne a gundumar Hereford, dab da iyakar Wales. An gina cocinsa wajen shekarar 1140, shekara saba'in da 'yan kai bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Mai garin na lokacin, Hugh na Kilpeck, shi ya sa aka gina shi kusa da ganuwar gidansa, wadda tudunta ke nan har yanzu a bayan maƙabarta. A lokacin cocin na Katolika ne. Sai a 1534, da Sarki Henry na Takwas ya raba gari da Paparoma, majami'un ƙasar suka koma ƙarƙashin abin da ake kira Angilikan yau.

Ginin ɗaki uku ne a jere, daga yamma zuwa gabas, na farko ya fi girma, na ƙarshe ya fi ƙanƙanta. Na farko zauren jama'a ne. Na biyu na limami ne da masu taya shi hidima. Na uku, can ƙurya, zagaye yake kamar rabin ƙwarya, nan bagade yake, kuma rufinsa na dutse ne mai haƙarƙari da suka haɗu a tsakiya, kusan irin daurin guga na maginan gida. Tsakanin zaure da ɗaki na biyu akwai bakan gizo na dutse, an sassaƙa waliyyai uku uku a kowane gefe, ɗaya bisa kan ɗaya. Bakan zagayayye ne, tagogin kuma ƙanana, bango mai kauri. Da ka ga waɗannan uku ka san ginin ƙarni na 11 ko na 12 ne, domin baka mai tsini da manyan tagogi sai daga baya suka zo.

Abin da ke kawo baƙi shi ne ƙofar kudu. An sassaƙa macizai suna nannaɗe da juna a ginshiƙanta, da mayaƙa biyu masu hula mai tsini a cikin sarƙaƙiyar rassa, sama da ƙofar kuma itacen inabi. Ka tsaya kusa, za ka ga layin ƙwayar idon macijin bai goge ba. Dalili kuwa wata rumfa ce ta daɗe tana kare ƙofar daga ruwan sama kafin a cire ta a ƙarni na 19, ga shi kuma jan dutsen yashin da suka zaɓa mai tauri ne. A ƙarƙashin bakin rufi, zagaye da ginin, akwai duwatsu masu tallafe shi, 85 suka rage, kusan kowanne da siffarsa: kare da zomo kafaɗa da kafaɗa, rago, mai goge, 'yan kokawa, da wata siffar mace da kunya ba za ta bar ni in kwatanta maka ba.

A ganina talauci ma ya taimaki Kilpeck. Garuruwan da suka yi arzikin ulu sun rushe tsoffin majami'unsu sun gina manya. Kilpeck kuwa ya ja baya a ƙarni na 14, zamanin yunwa da annobar da ta auka wa Ingila a 1348 da 1349, babu mai kuɗin da zai sāke fasalin ginin, sai ya zauna kusan yadda aka bar shi.

Amma barin gini kawai ba ya tsayar da shi. Babban abokin gāban waɗannan majami'u ruwa ne, kuma duk aikin kula da su a kansa yake.

Ba a gina su da siminti ba, da farar ƙasa aka ɗaura duwatsun. Ana ƙona dutsen farar ƙasa da zafin da ya kai kusan digiri 900, a jiƙa shi ya narke ya zama kamar kindirmo, a bar shi ya kwana aƙalla wata uku. Sannan a kwaɓa awo ɗaya da yashi mai kaifi awo biyu da rabi zuwa uku. Wannan kwaɓin ya fi dutsen laushi, yana kuma barin danshi ya fita ta tsakanin duwatsu. Idan gini ya ɗan motsa, shi ke tsagewa, dutsen ya tsira. In an zo gyara, magini zai ƙwaƙule tsohon kwaɓin da hannu, zurfin ya kai kamar ninki biyu na faɗin tsagar, ya jiƙa wurin, ya cusa sabo, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu na kwanaki don kada ya bushe da gaggawa. Ba a yin aikin idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5, domin ƙanƙara za ta farfashe shi kafin ya kama.

A ƙarni na 20 an yi kuskure a majami'u da yawa, aka liƙe tsagogin da siminti. Siminti ba ya barin ruwa ya fita, sai danshin ya taru cikin dutsen, hunturu ya zo ya daskarar da shi, fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa. Kai ma ka san wannan: a shafe katangar tubali da siminti, ta yi kyau shekara biyu, damina ta uku yaɓen ya faɗo da rabin bangon. Duk wanda ya san cocin Saint Bartholomew na Wusasa a Zariya, wanda aka gina da ƙasa, ya san ginin ƙasa da irin kayansa ake gyara shi.

Sai indararo. Ana share shi sau biyu a shekara, musamman bayan ganye ya gama zuba a watan Nuwamba. Indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya bi bango ya kai kan katakon rufi, katakon ya jiƙe, wani ƙwaro mai cin tsohon itace ya samu wurin zama, kamar yadda gara ke yi wa azara. Wata matsalar kuma ƙasar maƙabarta ce: ɗaruruwan shekaru ana binne mutane, ƙasar waje ta ɗara daɓen ciki tsawo, laima ta riƙa hawa bango. Maganinta a haƙa rami a gindin bangon a zuba tsakuwa da bututun janye ruwa. Majami'un da ke da rufin dalma suna fama da ɓarayi, jemagu kuma doka ta 1981 ta hana a kore su, dole a tsara aikin rufi a lokacin da ba sa renon 'ya'ya.

Wa ke lura da duk wannan? Kowace shekara jama'a na zaɓen wakilai biyu masu kula da gini da kayansa, tare da majalisar ikilisiya. Duk shekara biyar dole ƙwararren mai tsara gini ya duba cocin daga rufi zuwa tushe, ya rubuta abin da ke gaggawa da abin da zai iya jira. Wannan doka ce tun 1955. Ba kuma mai cire ko benci ɗaya ko ya huda bango don wayar lantarki sai da rubutaccen izini daga hukumomin dayosis, wato yankin majami'un da bishop ke shugabanta. Cocin Ingila na da gine-gine kusan 16,000, fiye da 12,000 daga ciki suna cikin jerin kayan tarihi da doka ta kare.

Kuɗin kuwa daga baikon Lahadi yake fitowa, da akwatin da baƙi ke jefa wani abu a bakin ƙofa, da kasuwar bazara inda mata ke sayar da kek da shayi, da neman tallafin gidauniyoyi idan aikin ya fi ƙarfinsu. Nan ne damuwata take. A ƙauyuka da yawa masu zuwa ibada tsofaffi ne 'yan kaɗan, limami ɗaya yana zagaya majami'u biyar ko fiye, kuma wanda ke hawa tsani ya share indararo sau da yawa ya haura shekara saba'in.