Dutse mai mita 300 ba zai duhunta duniya ba

Malam, ka ce a labarinka dutse mai faɗin mita 300 ya faɗo daga sararin samaniya, duniya ta yi shekara goma cikin duhu da sanyi, kana tambaya ko hakan zai yiwu. Gaskiya dutsen ya yi ƙanƙanta. Zai shafe babban birni da kewayensa, amma yanayin duniya ba zai sauya ba.

Idan faɗin dutse ya ninku sau 10, nauyinsa sau 1,000 yake ninkuwa, ƙarfin bugunsa ma haka. Wanda ya faɗa Yukatan ta ƙasar Meziko shekaru miliyan 66 da suka wuce faɗinsa ya kai kilomita 10, ya bar rami mai faɗin kusan kilomita 180, kimanin kashi 75 cikin ɗari na nau'o'in halittu suka ƙare. Ya fi naka nauyi sau dubu talatin da wani abu. Na Tunguska a Siberiya kuwa, a 1908, ana ƙiyasin faɗinsa kimanin mita 60 ne. Ya kwantar da dajin da ya kai murabba'in kilomita 2,000, amma noman duniya bai ji a jikinsa ba.

Inda marubuta suka fi kuskure shi ne ɗora sanyin a kan ramin. Abin da ya tashi sama ne ke kawo shi. Ƙura mai kauri takan sauko da wuri, kamar hazo bayan hunturu. Masu daɗewa su ne farar wuta da kunkunniyar gobarar daji idan suka haye saman gajimare, inda babu ruwan da zai wanke su. Dutsen Yukatan ya faɗa ne kan duwatsu masu tarin farar wuta, shi ya sa abin ya yi muni. Dubi aman wutar dutsen Pinatubo a ƙasar Filifin, 1991: iskar farar wuta tan miliyan 15 zuwa 20 ta rage zafin duniya da rabin digiri kawai, na kusan shekara biyu.

Ka mai da dutsenka kilomita 2 aƙalla, ka jefa shi kan duwatsu masu farar wuta irin na Yukatan. Kada ka sa duhu baƙi ƙirin. Rana za ta dusashe ne, damina ta yi rauni, amfanin gona ya ƙi nuna shekara biyu ko uku a jere. Yunwa ce za ta fi kisa, ba bugun ba. Idan kuma shekara goma kake so lallai, sai dutse irin na Yukatan.