Amsa: Me ya sa waƙata ta hamada ta ƙi zama a baki?

Malama, kin ce kin kawo waƙar ƙwar biyu (mai layi biyu a kowane baiti) kan kwararowar hamada zaman ƙungiya, mai rerawa ya yi ta tuntuɓe, wasu kuma suka ce ta fi kama da jawabi. Matsala biyu ce, kowace da maganinta.

Tuntuɓen daga kari yake. Karin waƙar Hausa ba yawan gaɓoɓi kaɗai yake bi ba, nauyinsu yake bi. Gaɓa mai dogon wasali, ko wadda ta ƙare da baƙi, mai nauyi ce, mai gajeren wasali kuwa marar nauyi. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa ido ke ruɗin marubuci. "Ruwa" da "rani" gaɓa bibbiyu ne a takarda, amma ta farko marar nauyi ce da mai nauyi, ta biyu kuwa duka masu nauyi. "Fadama" marasa nauyi biyu ne sannan mai nauyi. Ki ɗauki ɗango, wato layi ɗaya na baiti, wanda ya fi miki daɗi, ki furta shi a hankali, ki sa layi ƙarƙashin kowace gaɓa mai nauyi. Shi ne ma'auninki, sauran ɗangaye duk ki gwada su a kansa. Inda ɗango ya zarce, kada ki haɗiye gaɓa wajen rerawa, sauya kalmar. Nan Sakkwatancinmu na da amfani: "icce" gaɓa biyu, "itace" uku. Sai dai in kin ɗauki karin harshe guda, ki tsaya kansa har ƙarshe.

Amsa-amo kuma, kafin ki fara ki jera kalmomi ashirin masu ƙarewa da harafin da kika zaɓa. In ba su kai ba, canza harafi. "Wa", "ya" da "na" suna da yalwa. Wanda bai yi haka ba, a baiti na takwas yake fara cusa "kuwa" don cike gurbi.

Maganar jawabi ita ta fi muhimmanci a ganina. "Muhalli", "sauyin yanayi", "gurɓacewa" kalmomin taron bita ne, ba su da hoto. Ki ba mai sauraro abin da zai gani: rairayin da ya binne shingen gona wajen Illela ko Gada, kututturen kalgo da aka sare don girki, albasar fadamar Kwalkwalawa, ko ambaliyar 2010 da ta ci garuruwa a yankin Goronyo. Baiti ɗaya, abu ɗaya. Gargaɗi ya jira baiti biyu na ƙarshe, in ma ya zama dole.

Kuma a kula da gaskiyar daji, don manomi zai ji waƙar. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani yake kore, saboda haka kada ki ba shi inuwa a watan Agusta. Shamuwa gab da faɗuwar ruwa take zuwa, ba da hunturu ba. Goriba ce ke rassa, giginya sanda guda take tashi.

A zama na gaba ki kawo baiti goma kacal. Ki ba wani ya rera, ke ki riƙe biro ki yi shiru, duk inda ya cije ki sa alama. Kada ki gaya masa yadda ake faɗi, ɗangon ne za a gyara.