Tambayoyinku: na canza GCC, manhajata ta fara faɗuwa

Wani ɗalibi daga unguwar Zariya nan Maradi ya rubuto: "Malam, na rubuta ƴar manhaja da C++ ta lissafin kayan shagon yayana, lafiya lau take aiki a Ubuntu 18.04. Na saka 24.04 na sake haɗa ta, yanzu da na buɗe sai ta mutu. Ban taɓa layi ko ɗaya ba. Sabon GCC ɗin ne ya lalace ko?"

Ƙanena, GCC, wato mai fassara kod ya zama manhajar da kwamfuta ke gudanarwa, wanda ake haɗa Linux kanshi da shi, wai shi ne zai lalace a kan lissafin buhun shinkafa da madarar gwangwani? Kai dai kurum. Da ka canza Ubuntu ka tashi daga GCC 7 ka dira kan 13, kuma kusan kullum in aka kawo mini irin wannan kuka, kuskuren yana nan kwance cikin kod ɗin tun ranar farko, tsohon ne yake rufa maka asiri. Akwai abubuwan da ƙa'idar C++ ta ce in ka yi su to komi ma zai iya faruwa: karanta abin da ba ka ba shi ƙima ba, wuce iyakar jeri, ko aikin da ya yi alkawarin maido da int amma ka manta return a ƙarshe. Wannan na ƙarshen tun GCC 8 in ka haɗa da -O2 (zaɓin da ke sa ya gyara kod don manhaja ta yi sauri) yana ɗauka ba za a taɓa isowa wurin ba, sai manhajar ta zarce cikin abin da ke gaba ta kife.

Abin da ke ba ni haushi wallahi shi ne GCC ya faɗa maka, gargaɗi na ta zuba a allo kamar ruwan Agusta amma ku matasa in dai ba ja kuka gani ba ido rufe kuke wucewa, daga baya a zo ana cewa Malam na'ura ta samu aljanu. Fara da make clean, don tsofaffin fayilolin .o na 7 ba su da abin yi a nan. Ka haɗa da -Wall -Wextra, masu kunna ƙarin gargaɗi, ka karanta duka, e duka. Sannan gwada -O0, wato haɗawa ba tare da gyaran sauri ba, in ta yi aiki a nan ta mutu a -O2 to kusan tabbas laifinka ne. Ƙara -g -fsanitize=address,undefined, zai nuna maka fayil da lambar layi. In bai nuna ba gdb, manhajar bin sawun kuskure, na nan, ka buga bt a cikinta ta nuna maka inda manhajarka ta mutu. Kuma kada ka bar ta a -O0 ka ce an gyara, ɓoye ciwon ka yi. Ni ko gaisuwa zan rubuta sai na sa -Wall.

Wata baiwar Allah daga Tibiri: "Na kai manhajar kan tsohuwar kwamfutar ofis, ta ce ba ta ga GLIBCXX ba."

Hajiya, libstdc++ na can, wato laburaren C++ da manhajar ke dogara da shi, ya tsufa; GLIBCXX sunan sigoginsa ne. Ki haɗa ta a can, ko ki sa -static-libstdc++.

Wani daga Sabon Gari: "Kod ɗina na C ya ƙi haɗuwa, wai multiple definition."

Tun GCC 10 na 2020 -fno-common ne tsarin asali, wato GCC ba ya yarda a bayyana abu ɗaya a fayiloli da yawa. Sa extern a fayil ɗin .h, ka bayyana abin sau ɗaya a .c. Kar ka rubuto kana tambaya ko -fcommon zai yi, zai yi, amma ban ce ka yi ba.