Tambayi Gwaggo: In Saya Masa Motar Rimot Ko In Haƙura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Gwaggo. Yarana uku: babban shekararsa 7, mai bi masa mace ce 'yar shekara 4, sai na goye ɗan wata 10. Tun da ɗan maƙwabcinmu ya samu motar rimot, babban ya hana ni sakat. Na shiga kasuwar Sabon Gari na taya, aka ce naira 25,000, da ƙyar aka sallama a 22,000. Maigida ya ce almubazzaranci ne, shi da motar kara ya yi wasa. Ni kuwa zan ɗauki adashi kafin Sallah, kuma ba na son ɗana yana leƙe a gidan mutane. In saya ko in haƙura? Maman Abba, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Maman Abba. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.

Kada ki zuba adashinki a motar nan, amma kada ki bar yaron haka nan. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, kin ga motar ta kusa cinye kashi ɗaya cikin uku. Yawancin irin waɗannan kaya daga ƙasar Sin ake shigo da su, da dala, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashinsu ya tashi. Canji ne ya hau, da kuɗin kwastan da na dako. Robar da aka yi motar da ita tana nan yadda take.

Na daɗe ina koyar da 'yan nazare, kuma abin da nake fara dubawa a kayan wasa shi ne: wa ke yin wasan, yaron ko batirin? Motar rimot ta iya gaba, ta iya baya, ta kunna fitila, ta yi jiniya. Shi ke nan. Yaro yana tsaye yana danna maɓalli. An yi ta ne don siminti mai santsi, ke kuwa tsakar gida gare ki. Ƙasa za ta shige cikin giyarta, gashi da zare su naɗe a ƙarfen taya, ta fara ƙara ba ta motsi. Ga batir: na motar daban, na rimot ɗin daban, kullum Abba yana bin babansa da roƙon kuɗin sabo. Ranar da ta tsaya kuma da wuya ki samu mai gyara. A ƙarshe za ki gan shi ya ɗaura mata igiya yana ja. Ki raba 22,000 da kwanakin da za ta yi tana aiki, ki raba kuɗin ƙwallo da watannin da za a yi ana buga ta, lissafin zai ba ki amsa.

Motar karan da maigidanki yake faɗa ba abin rainawa ba ce. Yaro zai nemo karan dawa, ya ɓare bawon a hankali kada ya yanke shi, ya yayyanka totuwar daidai wa daida, ya soke su da bawon har ƙirar mota ta fito. Taya kuma a yanko ta daga tsohon silifas ko sakaina. Idan taya ɗaya ta fi sauran girma motar ta karkace, dole ya zauna ya gano dalili ya gyara. Wuni guda zai yi a kai bai sani ba, ya koyi awo, ya koyi haƙuri, kuma abokai suna kewaye da shi kowa na ba da shawara. Sai dai baban Abba ya manta abu guda: shi ya tashi inda kara yake a bayan gida, ga dandali, ga yayye masu koyarwa. Abba a cikin birni yake, daga boko sai Islamiyya. Ba a hana yaro abu a ce masa "mu da kara muka yi" alhali ba a ba shi karan ba. Ki roƙi maigida, cikin ladabi, ya zauna da ɗansa ranar Juma'a da yamma su ƙera ɗaya. In babu kara, ga kwali, ga murafen lemo, ga tsinken tsire.

Ko Turawan da muke ganin su ne masu kayan wasa sun yarda da wannan. A birnin Rochester na Amurka akwai gidan tarihin wasanni da ke zaɓen kayan wasan da suka fi shahara. A 2005 suka saka kwali, a 2008 suka saka sanda, sanda dai da kika sani. A jami'ar Toledo ta Amurka kuma an gwada yara 36 'yan wata 18 zuwa 30, wani lokaci a ba su kayan wasa 4, wani lokaci 16. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna sun fi daɗewa a kan abu ɗaya, sun fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi, idan kayan 4 ne kawai.

Ba ina nufin duk mai tsada asara ba ne. Araha ba ta ado. Keke yana da tsada, amma Abba zai hau, ƙanwarsa ta gada, na goye ya taras, kuma kowace unguwa akwai mai faci. Haka bulon roba da ake harhaɗawa: na kamfanin LEGO na ƙasar Denmak, wanda aka ƙera tun 1958 har yau yana shiga cikin sabo. Na asalin ya fi ƙarfin yawancinmu, amma ana samun makamancinsa, ana samun na gwanjo.

Na lura wasiƙarki ba ta faɗi abin da 'yar shekara 4 take so ba. Mota ɗaya a hannun yaro ɗaya, ranar Sallah, kuka kika sayo. Da ni ce, ƙwallo mai kyau zan saya wa Abba, manyan bulo da za su yi tarayya a kai, ita kuma 'yartsana da ƙananan tukwanen tuwon ƙasa, in mayar da canjin jaka. Batun leƙe kuwa, ƙwallo ba ta buguwa da mutum ɗaya. Mai ƙwallo shi ake zuwa yi wa sallama, har da mai motar rimot ɗin.

Kada kuma ki yi wa Abba alƙawarin ƙarya. Ki faɗa masa kuɗin motar, ki ba shi asusu ya tara goron Sallarsa. Idan bayan wata biyu yana nan a kan bakansa, ku cika masa, ku zaɓi mai caji, a gwada ta a gabanki kafin ki biya. Abin da yaro ya tara wa kuɗi ba ya barin sa a rana.

Saboda na goyen, ki kiyaye sosai. Duk abin wasan da ke da ƙaramin batir mai kama da kwabo, irin na agogo, ki tabbata murfinsa a ɗaure yake da noti. Idan yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙoshi cikin awa biyu, don haka asibiti kai tsaye, ban da ƙoƙarin sa shi amai. Alamar fuskar jariri da 0-3 an soke ta da jan layi a jikin kwalin abin wasa tana nufin bai dace da ɗan ƙasa da shekara 3 ba, yawanci saboda ƙananan guntaye da za su shaƙe shi. Ki guji mai fenti yana ɓarewa. A 2007 sai da kamfanin Mattel ya janye ɗimbin kayan wasa daga kasuwa saboda gubar dalma a fentinsu. Na gwanjo kuma a wanke da sabulu, a shanya, kafin a miƙa.

TAMBAYA: Gwaggo, duk Sallah yarana sai sun sa ni sayen bindigar roba mai harsashi. Tana da araha kuma suna daɗewa suna wasa da ita. Akwai laifi? Baban Ummi, Zariya.

AMSA: Akwai, Malam. 'Yan ƙwayoyin nan da take harbawa suna iya lalata ido, kuma yara fuska suke saitawa. Ƙananan kuma suna tsinta su tura a hanci ko kunne. In dai guje-guje da ɓuya suke so, ka saya musu ta ruwa, mai launi, wadda ko daga nesa ba za a ɗauke ta a matsayin ta gaske ba. Ka ajiye musu bokiti a tsakar gida, ka ce sai sun tuɓe kayan Sallah tukuna.