Eh, mun taɓa mallakar jirgin jefa bam, ni na yi aiki a jikinsa

Ɗana da kake tambaya wai da gaske Najeriya ta taɓa mallakar jirgin jefa bam, wlh gaskiya ne, Ilyushin Il-28 ake ce masa, ƙirar Tarayyar Sobiyat, an yi amfani da shi a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma Misirawa ne suka fi tuƙa shi. Ni daga nan Fagge na shiga sojan sama ina yaron makanikai, aikina zuba mai da goge gilashin hancinsa, don hancin nan duk gilashi ne, a ciki mai saita bam yake zama yana kallon ƙasa. Mutum 3 yake ɗauka, matuƙi da mai saitin sai mai bindiga can wutsiya shi kaɗai, shi nake tausaya wa kullum. Injinansa 2 ne ƙarƙashin fukafukai, in aka tayar sai ka ji haƙarƙarinka na rawa, ga warin kananzir ya kama kaki har sati.

Akwai guda ɗaya ajiye a gidan tarihin yaƙi na Umuahia, da na je na dafa tayarsa sai da hawaye suka zubo min, na tuno abokanmu da mutanen da ya faɗa wa a ƙasa.